Na'urar zaɓe ta Indiya a ma'auni: inda ta fi takarda da inda ta kasa

Tun daga babban zaɓen 2004, mai zaɓe a Indiya ba ya dangwala yatsa a takarda, maɓalli yake dannawa. Kamfanoni biyu na gwamnati, Bharat Electronics da Electronics Corporation of India, su ke ƙera na'urar, kuma a zaɓen 2024 an yi aiki da ita a rumfuna sama da miliyan ɗaya. Kada a haɗa ta da BVAS ɗin Najeriya, wadda aikinta tantance mai zaɓe da ɗaukar hoton takardar sakamako. Ta Indiya kuwa ita ce ke karɓar ƙuri'ar, ita ce kuma ke ƙirgawa.

Kashi uku ce. Akwai akwatin sarrafawa a gaban jami'in zaɓe, akwai allon maɓallai 16 a cikin keɓantaccen wuri, waya mai tsawon mita biyar ta haɗa su. Sabon samfurinta mai suna M3 na ɗaukar alluna 24 a jere, wato gurabe 384, kuma yana adana ƙuri'u har 2,000. Na ukun shi ne VVPAT, ƙaramin injin buga takarda. Da ka danna, zai buga lamba da suna da alamar ɗan takarar, ka gani ta gilashi na daƙiƙa bakwai, sannan takardar ta yanke ta faɗa akwati rufaffe.

Wajen ƙira, masu aikin sun cancanci yabo. Batir take amfani da shi, ba ruwanta da wutar lantarki, ba ta da intanet ko wata hanyar sadarwa ta iska. Allon ba ya karɓar ƙuri'a sai jami'i ya buɗe shi, ya kuma sake kullewa bayan dannawa ɗaya. Ba ta karɓar fiye da ƙuri'u huɗu a minti guda, don haka 'yan daban da a da ke mamaye rumfa a jihohi irin su Bihar su cika akwati cikin ɗan lokaci, yanzu sai sun shafe sa'a guda kafin su zuba 240. Lalatattun ƙuri'u kuma sun kau, tun da babu tawadar da za ta zarce layi.

Matsalolin ranar zaɓe yawanci na VVPAT ne. A zaɓen cike gurbi na Mayun 2018 a mazaɓun Kairana da Bhandara-Gondiya, injinan da yawa sun tsaya saboda haske mai ƙarfi ya rikita na'urorin da ke auna takardar, har aka sake zaɓe a wasu rumfuna. Daga baya aka sa musu 'yar rumfa ta kare haske. Ɗaya kuskuren na mutane ne. Kafin a buɗe rumfa ana zaɓen gwaji na aƙalla ƙuri'u 50 a gaban wakilan jam'iyyu, sannan a rufe, a duba sakamako, a goge. Jami'in da ya manta gogewa ko kwashe takardun gwajin zai tashi da alƙaluman da ba su dace da rajistar masu zaɓe ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne manhaja. Hukumar Zaɓe ta ce ana ƙona ta ne a cikin guntun lantarkin da ba a iya sake rubutawa, kuma kwamitinta na ƙwararru ya duba ta. Amma ba a taɓa buɗe rubutun manhajar ga jama'a ba, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ƙarar da ta nemi a yi masa bincike mai zaman kansa. Zaɓen gwaji ba ya cike wannan giɓi, domin manhajar da aka shirya da mugun nufi za ta iya yin gaskiya a ƙuri'u 50 na farko, ta sauya hali daga baya. Ba a nuna hakan ya taɓa faruwa ba. Abin da aka nuna, a 2010, shi ne wanda ya samu taɓa na'urar zai iya musanya allon nuna sakamako ko ya maƙala ƙaramin abu da zai sauya ƙuri'un da ke ajiye. Masu bincike uku, Hari Prasad da Alex Halderman da Rop Gonggrijp, su ne suka gwada a tsohon samfuri, amsar da Prasad ya samu kuwa ita ce kamun 'yan sanda kan yadda na'urar ta zo hannunsa.

Ke nan amanar duka ta koma kan waɗancan ƙananan takardu, kuma a nan hukumar ta yi rowa. Bisa umarnin Kotun Ƙoli na Afrilun 2019, rumfuna biyar ake zaɓa ta hanyar ƙuri'ar sa'a a kowace mazaɓar majalisar jiha a ƙirga takardunsu da hannu, a mazaɓar da kan ƙunshi rumfuna ɗari biyu zuwa uku. Adadin ba ya ƙaruwa ko da tazarar nasara ƙuri'u ɗari ce, alhali nan ne ya kamata a ƙirga da yawa. Mai zaɓen da ya ce takardar ta nuna wani ɗan takara daban, sai ya sa hannu a rubuce, a ba shi ƙuri'ar gwaji, in ba ta tabbatar da maganarsa ba yana iya fuskantar ɗaurin wata shida. Wa zai yi ƙorafi a haka?

Jamus ta bi wata hanyar. A 2009 kotun tsarin mulkinta ta ce dole talaka ya iya bin diddigin ƙirga ba tare da ilimin kwamfuta ba, ƙasar ta ci gaba da takarda. Kotun Ƙolin Indiya kuwa, a ranar 26 ga Afrilun 2024, ta ƙi komawa takarda, ta kuma ƙi a ƙirga dukkan takardun VVPAT. Abin da ta bayar shi ne dama ga wanda ya zo na biyu ko na uku ya nema, cikin kwana bakwai da bayyana sakamako, injiniyoyi su binciki kashi 5 cikin 100 na na'urorin mazaɓarsa, shi zai biya kuɗin. Injiniyoyin kuma na kamfanonin da suka ƙera na'urar ne.