Sharhi: Tiren Gashi Na Lantarki A Aikin Buga Zane Da Kakin Zuma

Tiren da na gwada irin na suyar fanke ne, mai maɓallin daidaita zafi. Na ɗora masa farantin alminiyam mai kaurin milimita 3 da aka yanka mini a Panteka, domin fuskar tiren baƙa ce, ba a ganin launi a kanta.

Aikin shi ne a goga kaki mai launi a kan farantin da ya yi ɗumi, a ja zanen da buroshin gashin dabba, a shimfiɗa takarda, a danna bayanta da tsumma, a ɗaga. Bugu ɗaya kowane zane yake bayarwa.

Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, bugun kuma ya fi kyau tsakanin 70 da 80. A nan tiren ya gaza. Lambar da ke jikin maɓallin ba ta dace da ainihin zafin ba, kuma saman wayar da ke ɗumama shi ya fi kusurwoyi zafi nesa ba kusa ba. Sai ka ga tsakiyar zanen ta tsinke ta malale, launuka sun cuɗe, gefe kuwa kakin ya daskare ya riƙe takarda har ta yage. Farantin alminiyam ya rage wannan sosai, amma sai an ba shi kamar minti 15 zafin ya bazu. Ma'aunin zafi dole ne. In kakin ya fara hayaƙi, a kashe nan take, a buɗe taga. Hayaƙin yana cutar da ƙirji.

Haɗin da ya yi mini: kashi 8 na tataccen kakin zuma, kashi 1 na ƙaron damar (ƙaron wata bishiya da ake kira damar, mai narkewa cikin kaki), sai garin launi kaɗan. Kada a sa ƙaron da muka sani a madadin damar, a ruwa yake narkewa, ba ya haɗuwa da kaki. Kyandir ma bai yi ba, yana tsagewa in ya huce.

Takarda siririya mai tsotsa ita ce ta aikin. Mai sheƙi ba ta kama kakin. Da hunturu a rufe faranti tsakanin bugu, ƙura na mannewa ta fito a zanen.

Ga mai koyo tiren ya biya kuɗinsa. Mai buga zane babba ya nemi wanda zafinsa ke bazuwa daidai. Kuma tiren nan yana jan wuta, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa.