Tulun iska na Reflex N mai lita 18: maganin gejin boila mai hawa da sauka

A gidajen Ingila da Jamus da ake dumama ɗakuna da ruwan zafi mai zagaya lagireto, ƙorafin hunturu bai wuce guda ba. Gejin matsin ruwa yana nuna bar 1.2 da safe (bar shi ne ma'aunin matsi), a kunna boila, wato tukunyar dumama ruwan, ya haura kusan 3, bawul ɗin tsaro ya tofar da ruwa waje, washegari allura ta kwanta ƙasa. Mai gida sai ya yi ta ƙara ruwa yana neman yoyon da babu shi. Galibi tulun iskan cikin boilar ne ya sace, ko kuma ya yi wa gidan kaɗan, don yawancinsu ba sa wuce lita 6 zuwa 10.

Nan ne amfanin wannan tulu na kamfanin Reflex da ke Ahlen a Jamus. Cikinsa roba ce ta raba ruwa da iskar naitirojin. Ruwa daga sanyi zuwa digiri 80 yana kumbura da kusan kashi 3 cikin 100, wato lita 3 a bututun da ke ɗauke da lita 100, kuma wannan rarar ce iskar ke matsawa ta ba wuri.

Ƙirarsa ba ta da abin kushewa. Bakinsa inci 3/4 ne, kan iskarsa irin na tayar mota, ko famfon keke ya isa a ƙara masa. Inda ake yin kuskure shi ne a ɗaura shi yadda ya fito daga kwali. Daga masana'anta yana zuwa da bar 1.5, wanda ya yi wa bene mai hawa ɗaya yawa. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: kowace mita 10 ta tsayi bar 1 ce, sai a auna daga tulun zuwa lagireto mafi tsayi, a ƙara 0.2, abin da ya fito shi ne matsin da za a sa wa iskar tulun, kada dai a yi ƙasa da bar 1. Sannan a cika ruwa mai sanyi ya ɗara haka da 0.3. Idan aka bar shi a 1.5 aka cika ruwa zuwa 1.2, ko ɗigo ba zai shiga tulun ba, da an ɗan fitar da iska daga lagireto ɗaya geji zai faɗi. Ga asarar wuri kuma: a bar 1 yana karɓar sama da lita 7 kafin geji ya kai 2.5, a 1.5 kuwa kusan lita 5 kacal.

A haɗa shi a bututun da ruwa ke dawowa, gabanin famfon zagayawa, domin robar ba ta son zafin da ya wuce digiri 70. A sayi bawul mai kulle da magudana a sa a bakinsa. Kuɗi kaɗan ne, amma in babu shi sai an sauke matsin gidan duka kafin a auna iskar, tunda awo da ruwa a ciki ƙarya yake bayarwa. Sau ɗaya a shekara ya wadatar.

Aibunsa uku. Ba a canja robarsa. Ranar da aka danna kan iskar ruwa ya fito, sai dai sabo. Maratayin bango ma daban ake sayensa, ga shi jibgege ne ga ɗan kicin ɗin haya.

Tulun ba ya tsayar da yoyo na gaske, kuma bawul ɗin tsaron da ya sha buɗewa yakan ci gaba da ɗiga saboda datti a mazauninsa, gara a canja bawul ɗin lokacin da ake ɗaura tulun. A Ingila, in aikin zai kai ga buɗe murfin boilar gas, sai injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas.