Sharhi: Koyon nutso da tukunyar iska a hannun wani tsohon sojan ruwa a Bauchi

Masu tambayata ko kuɗin da na kashe wajen koyon sukuba, wato nutso da tukunyar iska, a nan Bauchi sun yi amfani, amsata ita ce sun yi, amma sai mutum ya san abin da zai samu tun kafin ya biya. Ban fito da takardar shaida ba, ban kuma ga teku ba. Abin da na samu shi ne malamin da ya san ruwa ciki da bai, wanda ba ya yarda a raina shi ko da zurfinsa bai wuce tsayin mutum ba.

Dattijo ne, tsohon sojan ruwa, ya yi shekaru yana aikin nutso a Legas da Fatakwal kafin ya dawo gida. Baba muke ce masa. Kayan da yake koyarwa da su nasa ne: tukwanen iska, abin shaƙa, rigar da ake hura wa iska, gilashin fuska, takalmin iyo da ɗamarar dalma. Yakan kama hayar wurin ninkayar wani otal da sassafe, kafin baƙi su tashi, ya ɗauki ɗalibai biyu. Ba ya ƙara ko ɗaya, wai idonsa biyu ne.

Kafin ka taɓa tukunya sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, sannan ka yi minti 10 a saman ruwa ba ka dafa komai ba. Sharaɗin da PADI, ƙungiyar malaman nutso da aka kafa a Amurka a 1966, ta gindaya wa ɗalibanta ke nan, shi ma da shi yake aiki. Ni a Wikki na gyara iyona, cikin ruwan nan na Yankari mai ɗumin digiri 31 da ake hango yashin ƙasansa, don haka wannan bai ba ni wuya ba. Daga nan sai tambayoyin lafiya: asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon kunne, sikila. A gabana ya mayar da wani saurayi da kuɗinsa a hannu, ya ce sai ya kawo takardar likita. Tun ranar hankalina ya kwanta da shi.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na numfashi. Duk wanda ya tashi yana wanka a rafi ko kududdufi ya san nutso ɗaya ne: ka cika ƙirji, ka toshe, ka shige. Baba ya ce da ni, “Ɗana, abin da rafi ya koya maka na riƙe numfashi, bar shi a gida. A nan shi ke kisa.” Na ce, “Baba, a wannan ɗan ruwan?” Bai amsa ba. Ya sauka da ni ƙasan wurin ninkayar, wajen mita 3, ya hura balan-balan da iskar tukunya, ya ɗaure bakinta, muka biyo ta sama a hankali. Ina kallo tana kumbura ba wanda ya ƙara mata iska. Da muka fito sai ya yi bayani: duk mita 10 da ka sauka a teku, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a tudu. Iskar da ka shaƙa a mita 10, in ka riƙe ta ka taso, ninki biyu za ta yi a huhunka, huhu kuwa ba ya jure haka. Ko a ruwan da bai kai mita 2 ba ana iya jin wannan rauni. Da a allo ya rubuta mini, da tuni na manta.

Sai cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa, inda sabon shiga ya fi firgita, don ruwa na taɓa hanci jiki ke neman sama. A nan na ga bambancin gwani da mai ɗan sani. Hannunsa ɗaya yana riƙe da rigata, idonsa cikin nawa, ɗaya hannun yana kaiwa da komowa a gaban bakinsa: shaƙa, fitar, shaƙa, fitar. Bai taɓa gaggauta ni ba. Shi ya lura gashin bakina ne ke sa ruwa tsiyaya cikin gilashin, ya ce in rage na ƙarƙashin hanci kawai, sai ga matsalar ta kau. Kunne kuma, ka matse hanci ka hura a hankali tun kafin ya fara zafi. Ranar da mura ta kama ka ba shiga ruwa, kuma da hunturun Bauchi wannan ya ci mana ranaku.

Mutane da yawa suna zaton oksijin ne zalla a tukunyar. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse, kashi 21 cikin 100 oksijin, mafi yawan saura naitirojin. Cikakkiyar tukunya allurar agogon da ke auna iskarta kan 200 take, ta sauko 50 ya kamata a ce kana sama. Naitirojin ɗin nan yana narkewa cikin jiki gwargwadon zurfi da daɗewa, in ka taso da sauri sai ya yi kumfa a jini kamar kwalbar lemon da aka buɗe da garaje. Shi ya sa ake tasowa sannu, a tsaya minti 3 a mita 5. Baba da kansa yake cika tukwanensa, kuma na ga yadda yake jan bututun da injin ke zuƙar iska nesa da hayaƙin janareta, yana duba inda iska ke kaɗawa. Hayaƙin nan in ya shiga tukunya guba ne. Injin mai faci kuwa, ya ce ko da wasa kada wani ya kai masa tukunya.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Kayan sun tsufa. Abin shaƙa da agogon iska yana kula da su sosai, amma takalman iyon sun saki, girmansu ma kala biyu ne kacal, mai ƙaramar ƙafa sai ya haɗa da safa. Ana yawan ɗage darasi, yau babu mai, gobe otal na da biki. Littafin da yake bayarwa da Turanci yake, alhali bayanin da yake yi da baki cikin Hausa ya fi shiga. Da zai samu mai rubuta masa shi da an amfana. Babu kuma tanadin lokaci ko malama don mata, ga shi ƙanwata ta so koya. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, ko da yake rabi yana tafiya ne a hayar wuri da man inji.

Abin da ya sa na shiga tun farko shi ne yaran da ruwa ke ci duk damina, ana tsaye a bakin gaɓa ana jiran masunta. Na ɗauka ina gamawa zan iya shiga dam ɗin Gubi ko na Dadin Kowa in taimaka. Baba ya hana, ya kuma faɗi dalili: ruwan dam yakan yi duhu har ba ka ganin tafin hannunka, ga kututturan itatuwa, ga tsofaffin taru da ke sarƙe mutum. Neman wanda ya nutse horo ne dabam, da igiya da mai tsaro a sama. Ya ƙara da cewa garin Bauchi yana kusan mita 600 sama da teku, lissafin nutso kuma yana canjawa da zarar wuri ya haura mita 300.

Wanda ke son katin shaidar nutso na matakin farko, mai ba da izinin sauka har mita 18, dole ya yi nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa tare da malami mai rajista, Baba kuwa ba ya ɓoye cewa ba shi da ikon ba da katin. Ina tara kuɗin tafiyar da zan je in yi wannan nutso yanzu. Ya riga ya gargaɗe ni in tsara dawowata yadda zan bar aƙalla awa 18 tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin sama.