Man darbejiya a gonar wake: inda ya yi mini rana da inda ya gaza

Daminar bana da man darbejiya na yi wa wakena feshi, irin na kwalba da wata ƙungiyar mata ke tatsa suna kai wa masu shagon kayan noma. Maƙwabtana na gona suna ta tambayata ko yana aiki. Yana yi, amma ba irin aikin da muka saba gani daga maganin kanti ba, kuma wanda bai san haka ba zai rantse an cuce shi.

Dole ce ta raba ni da maganin kanti. Duk ranar da na goya injin feshi, da ciwon kai da raɗaɗin ido nake kwana. Ga harawar da tumakina za su ci da rani, ga yara da ke shiga gonar ba takalmi. Ban kuma manta da 2015 ba, shekarar da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan dichlorvos a cikinsa, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke zuba wa wake a wurin ajiya. Waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa muke ƙosai da alala da shi a gida. Wannan abin yana ci mini rai har yau.

Haɗa man darbejiya na buƙatar haƙuri, domin mai ba ya shiga ruwa. Sai ka narkar da ɗan sabulu a ruwa mai ɗumi, ka zuba man, ka yi ta kaɗawa har ya yi fari kamar madara, sannan ka tace ka juye a inji. Malamin gonarmu ya ce mililita 5 a kowace lita ta ruwa, wato 80 ke nan a inji mai lita 16. In ka tsaya hutawa, sai ka sake girgizawa, in ba haka ba man zai taso sama, kunyar farko ta sha ruwa zalla, ta ƙarshe kuma ganyenta ya ƙone. Warinsa kuwa mai ƙarfi ne, na tafarnuwa-tafarnuwa, yana kama riga.

A kan darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, ya fi burge ni. Waken yana ƙarami ta kama shi, ka juya ganye ka ga baƙi ƙirin, sabon toho ya nannaɗe, cinnaku na hawa suna sauka. Na yi feshi da yamma, na mai da bakin injin sama don ya jiƙa ƙarƙashin ganye. Da gari ya waye darɓar tana nan, sai ka ce ba a yi komai ba. A nan mutane da yawa ke karaya su koma kanti. Kafin mako ya zagayo ta bushe, in ka murza da yatsa sai ta zama gari, tohon da ya biyo baya kuma ya fito lafiya.

Jinkirin yana da dalili. Abin da ke aiki a ƙwayar darbejiya sunansa azadirachtin, kuma ba ya kashe ƙwaro nan take. Cin abinci yake hana shi, ya kuma rikita masa saɓa, tsutsa ta kasa sauya fata ta girma, har ta mutu. Wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan a 1959 cewa fara ta cinye ganyen itatuwa ta bar darbejiya, sannan a 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin. Itacen da muke shan inuwarsa a ƙofar gida, muna share 'ya'yansa muna zubarwa, shi ne wannan.

Matsalar ta fara ne da waken ya yi fure. Rana tana kashe ƙarfin maganin cikin 'yan kwanaki, ruwan sama kuma yana wanke shi, to a lokacin marka sai ka yi feshi yau a yi ruwa da dare, aiki ya koma baya. Kusan kowane mako sai na goya inji, ga ɗaukar ruwa, ga gajiya. Tsutsar nan mai shiga fure da kwanso, da zarar ta shige ciki ta yi saƙarta, man ba ya kai mata. Ƙwarin da ke tsotse kwanso su ma bai dame su sosai ba, domin manya ne masu fiffike, su tashi su dawo. Na yi asara a ɓangaren da ke kusa da fadama. Mai gona babba, wanda ke biyan 'yan ƙwadago, ya yi lissafi da kyau kafin ya dogara da shi kaɗai.

Babban ƙorafina ga masu yin sa ne. Kwalbar farko man ya yi duhu, warin ya cika hanci, ta biyu kuwa ya yi haske, aikinsa ma bai kai ba. Ba ranar da aka tatsa a jiki, ba ma'auni, ba bayani da Hausa ko da Ajami. Zafi yana lalata sinadarin, don haka man da aka soya ƙwayarsa kafin tatsa, ko wanda ya daɗe a rana a bakin shago, ba ɗaya yake da sabo ba, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa. Matan nan suna ƙoƙari, Allah ya ƙara musu kasuwa, amma ƙaramar takarda a jikin kwalba za ta kare sunansu.

Duk da haka zan sake saye. Na yi damina ba ciwon kai, ƙudan zuma na yawo a furen da safe, na ɗaure harawata hankalina kwance. Baɗi in Allah ya kai mu tun kafin fure zan fara feshi, kuma zan tara 'ya'yan darbejiyar ƙofar gida in shanya a inuwa, in daka in jiƙa su kwana, in raba gonar biyu in gwada da na kwalbar.