Fadamar tace ruwa da aka yi mana a masallaci

Wata 8 kenan da wasu samari injiniyoyi suka haɗa mana ita a bayan masallacin unguwarmu nan Kurna a Kano, kuma gaskiya aikinsu ya burge ni. Rami ne suka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, suka zuba tsakuwa da yashi, suka dasa kachala a sama, ruwan alwala da na wanka sai ya fara shiga tanki datti ya kwanta tukunna, sannan ya bi ta cikin tsakuwar a hankali, ƙwayoyin halittar da ke jikin saiwoyin su cinye ƙazantar. Ruwan ta ƙasa yake tafiya, shi yasa ba sauro ba wari, ni dama tsorona kenan.

Da duk kwata yake bi ya tafi kogin Jakara, yanzu da shi muke ban ruwan darbejiya da zogale, mun rage siyan jarka gun ƴan garuwa. Ba na sha bane fa, sun ja mana kunne sosai.

Inda suka gaza, basu faɗa mana tankin na son kwashewa akai akai ba sai da ya toshe, muka kira su kwana 3 kafin suzo. Kuma fadamar tana cin fili.