Kyamarar mota 70mai A500S a titunan Jidda da Makka: abin da take kamawa, da abin da rana ke yi mata

Wanda ke tuƙi kullum tsakanin Jidda da Makka, ko direban gida ne, ko mai kai kaya, ko mai ɗaukar fasinja, yana buƙatar kyamara a motarsa, kuma mai ido biyu, gaba da baya. 70mai A500S, wadda ake kira Pro Plus+, tana cikin waɗanda aka fi gani a shagunan kayan mota da kasuwannin intanet na Saudiyya. Ta cancanci kuɗinta, amma tana da rauni guda babba a ƙasa mai zafi irin wannan, kuma yawancin masu sayarwa ba sa faɗa.

Dalilin da ya sa na dage kan ta baya shi ne yadda fitinar titi take a nan. A hanyar Haramain ko babban titin Makka zuwa Jidda, kana layin hagu kana tafiya daidai da ƙa'ida, sai mutum ya manne maka har ba ka ganin lambarsa a madubi, yana watso maka fitila babu ƙaƙƙautawa, alhali dama da kai tirela ce, babu inda za ka kauce. Kafin ka samu fili ya bi ta kafaɗar titi ya wuce, ya yanko gabanka, wani lokacin har ya taka birki don ya huce haushi. Kyamarar gaba kaɗai birkin nan za ta nuna, da kai kana dukansa ta baya. Abin da ya faru minti ɗaya kafin nan yana wajen ta baya. Bin kafaɗar titi laifi ne mai tarar riyal 1,000 zuwa 2,000, amma Sahir, wato kyamarorin hukuma, ba a kowace kusurwa suke ba.

A cikin gari kuwa salon daban ne. Wani yana layi na uku daga hagu, sai ya tuna zai yi kwanar hagu a danja, ya ratsa layi biyu ba sigina. Wani ya shigo shataletale bai ko dubi wanda ke ciki ba. Ga mai kai abinci a babur da ke kutsawa tsakanin motoci, ga wanda kansa ke sunkuye a kan waya yana lilo daga layi zuwa layi, duk da tarar riyal 500 zuwa 900 da ke kan haka. Idan aka yi karo ba wanda ya ji rauni, kuma akwai inshora, ma'aikacin Najm, wato kamfanin da ke duba haɗarin mota don inshora, ne ke zuwa ya raba laifi: kashi 100, ko 75, ko 50, ko 25, ko babu. Wannan kason shi ke nuna inshorar wa za ta biya, yana kuma iya taɓa kuɗin sabunta taka. A nan ne ɗan'uwanmu da Larabcinsa bai nuna ba yake cutuwa, domin ɗayan yana zuba bayani, shi kuwa yana neman kalma. Gani ya kori ji. Bidiyo na daƙiƙa talatin ya fi gardamar rabin awa a bakin titi, kuma idan rabon bai yi maka ba, da shi za ka shigar da ƙorafi.

Kyamarar gaba tana ɗaukar hoto a 1944P, faɗin ganinta digiri 140, da ɗan allo na inci biyu da GPS a cikinta. Ta baya 1080P ce. Da rana hoton gaba tas yake: lambar motar da ke gabanka da tazarar mota biyu ko uku tana karantuwa, haruffa da lambobi, launin danja ma yana fita sarai. Da dare a titi mai fitilu ba laifi. Amma lambar mota da dare sai sa'a, saboda fitilarka na haska farantin ya zama fari fat, motar da ta wuce da gudu kuma lambarta takan shafe. Maganin wannan kyauta ne: ka bar makirfo a kunne, duk wanda ya yi maka ta'adi ya gudu ka karanta lambarsa da ƙarfi, haruffa uku da lambobin, muryarka ta shiga bidiyon. Ta baya ta fi rauni da dare, musamman idan gilashin yana da tinti mai duhu ko ƙura ta rufe shi. Za ta nuna irin motar da yadda ta manne maka, lamba kuwa kada ka sa rai.

Gefen mota ba ta gani. Wanda ya goge maka ƙofa daga gefe ba zai fito a hoton ba, sai dai bidiyon ya tabbatar kana cikin layinka ba ka karkata ba, wanda sau da yawa ya isa.

Raunin da na ambata batiri ne. A cikin A500S akwai ƙaramin batirin litiyam, kuma kamfanin ya rubuta cewa tana aiki har zuwa digiri 60. Motar da aka ajiye a rana a Makka a watan Yuli, gilashi a rufe, saman dashbod ɗinta yana wuce haka. Zafi yana cin batirin a hankali, ya daina riƙe caji, wani ya kumbura. Aikinsa shi ne ya ba kyamarar 'yan daƙiƙoƙi ta rufe fayil na ƙarshe idan wuta ta yanke, kuma karo mai ƙarfi yana iya yanke wutar. Ke nan batirin da ya mutu yana iya jawo asarar bidiyon da aka sayi kyamarar dominsa. Gwajin mai sauƙi ne: tana cikin ɗauka ka zare wayar wuta, idan ta mutu nan take ba tare da ta rufe kanta ba, batirin ya gama. Wanda motarsa ke kwana ta wuni a fili, gara ya ƙara kuɗi ya nemi mai kafasita, wato ma'ajiyar wuta da ta fi jure zafi, a madadin batiri, irin su Viofo A129 Duo. Wanda ke da inuwa a gida da wurin aiki, ko zai iya zare ta daga mariƙinta idan zai daɗe, wannan za ta yi masa. Idan za ka sa mayafin gilashi na kare rana, kada ka bar kyamarar tsakaninsa da gilashin, nan ne zafin ke taruwa.

Katin memori ba kasafai yake zuwa da ita ba, kuma a nan mutane ke ɓata komai. Tana karɓar microSD har 128GB. Kyamara ba ta daina rubutu, tana cika katin ta goge tsohon ta sake, don haka katin waya na gama-gari yana gajiya da wuri, ya koma ba ya karɓar sabon fayil alhali fitilar kyamarar na ci. Nemi wanda aka rubuta High Endurance a jikinsa, 64GB ko 128GB, daga shagon da ke ba da rasit, domin jabun kati ya cika kasuwa, araha kuma ba ta ado. Ka goge shi daga cikin kyamarar sau ɗaya a wata, ka kuma buɗe bidiyon jiya ka tabbatar yana nan. Abin da katin ke riƙewa na sa'o'i ne, ba na kwanaki ba, saboda haka ranar da abu ya faru a ranar za ka kwafe.

Ɗaurawa ba ta wuce awa ɗaya. Goge gilashin ya bushe, manna ledar da ke cikin kwalin a bayan madubin tsakiya, inda waifa ke sharewa, sannan ka manna mariƙin a kan ledar. Yi wannan da yamma ko a inuwa, ka danne shi da yatsa na rabin minti. Gam da aka sa a gilashi mai zafi shi ke sakin kyamara a kan hanya. Daidaita idon yadda bonet zai ɗan fito a ƙasan hoton, sama kada ta cinye rabi, in ba haka ba hasken rana zai duhunta titin. Wayar ta bi ta cikin silin zuwa ginshiƙin gefen fasinja. Idan motar na da jakar iska a wannan ginshiƙin, wayar ta bi ta bayanta, kada ta gitta ta gabanta. Wayar kyamarar baya ta ishi Camry ko Elantra, amma mai Hiace ko doguwar GMC ya auna kafin ya biya. Kada a manna ta baya a kan layukan ɗumama gilashi.

Masu fakin na rashin mutunci, wanda zai tare ka a ƙofar masallaci ko bakala, wato kantin unguwa, ya tafi bai bar lamba ba, ko ya buge maka bamba ya sulale, su ne ke sa mutane neman gadin fakin, wato kyamarar ta riƙa gadin motar bayan an kashe ta. Wannan sai an sayi wayar da ake haɗawa da akwatin fiyus, daban ake sayar da ita. Jela uku ce: ɗaya a fiyus mai wuta kullum, ɗaya a wanda ke kawo wuta idan an murɗa makulli, baƙar a ƙarfen mota. Bar wa mai wayarin idan ba ka da abin gwada wuta. Tana yanke kanta idan batirin mota ya yi ƙasa, amma tsohon batiri a wannan zafin ba ya jure ta. Kuma sai an bugi motar take farkawa, don haka bugun ƙofa mara ƙarfi yakan wuce ta.

A saiti, sa lokaci a GMT+3, domin bidiyo mai kwanan wata na ƙarya yana rage ƙarfin hujja. Rage jin girgiza zuwa ƙasa, in ba haka ba kowane tudun rage gudu a lungunan Misfala ko Shara Mansur za ta ɗauka karo ne ta kulle fayil. Gargaɗin fita layi da na kusantar mota kashe shi, a cunkoson Jidda surutu ne kawai. Manhajar waya tana aiki, sai dai sauke bidiyo ta Wi-Fi yana da nawa, cire katin ya fi sauri. Ka sani kuma GPS na buga gudunka a jikin hoton, zai bayar da shaida a kanka kamar yadda zai bayar a kan wani.

Bidiyon na Najm ne da Murur, wato 'yan sandan hanya, da kamfanin inshora. Ɗora fuskar mutum ko lambar motarsa a TikTok ko a rukunin WhatsApp don a kunyata shi yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2007, wadda hukuncin keta sirri da ɓata suna a cikinta ya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar riyal 500,000, ko duka biyun. Direban gida kuma ya nemi izinin maigidansa kafin ya ɗaura ta, ya gaya masa tana ɗaukar murya, tunda iyalinsa ne ke hira a cikin motar.