Tsohuwar bindigar farauta da sabuwa: wacce ta fi ingancin ƙira?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana neman bindiga mai watsa ƙwayoyi don farautar tsuntsaye da harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama, wasu sun ce maka da tsohuwar zuma ake magani, wasu kuma sun ce tsohuwar bindiga ado ce kawai. Kowane ɓangare ya riƙe gaskiya ɗaya ya saki ɗaya. Tsohuwa mai daraja ta fi sabuwa aikin hannu da dacewar sassa. Sabuwa ta fi ta ingancin ƙarfe da jure harsashin zamani. Abin da ke raba gardama shi ne ajin bindigar da halin da take ciki yau, ba shekarar da aka ƙera ta ba.

Akwai abin da masu yabon ƙirar da suke mantawa. Tsofaffin bindigogin da muke gani yau su ne waɗanda suka tsira. A ƙarshen ƙarni na 19, garin Liège na Beljiyam da Birmingham ta Ingila sun fitar da bindigogi masu arha da yawan gaske, kuma galibinsu sun saki, sun yi tsatsa, an watsar. Wanda ya ajiye Purdey, bindigar Landan mai tsada, kusa da bindiga mafi arha ta yau ya ce ga bambancin da da yanzu, bai yi adalci ba. Aji da aji ake gwadawa.

Ta fannin ƙarfe babu ja, sabuwa ce gaba. Bututun da aka fi sani kafin 1900 shi ne na Damaskas: a murɗa sandunan baƙin ƙarfe da na ƙarfe mai tauri, a naɗe su a jikin sanda, a yi ta duka da wuta har su haɗe. Yana da kyan gani ƙwarai, amma tsawon bututun duka layin haɗi ne, tsatsa na iya shiga ta ci daga ciki ba a gani ba, kuma don baƙin albarushi aka yi akasarinsa. Kada a sa masa harsashin zamani sai in gidan gwaji, wato hukumar da ke gwada ƙarfin bututun bindiga, ya sake gwada shi ya buga hatimin albarushi marar hayaƙi. Uwar bindigar kuwa, wato ƙarfen tsakiya da ke ɗauke da kunama da makulli, da ƙarfe mai laushi ake yin ta a da, a gasa ta cikin gawayin ƙashi don fatarta ta yi tauri. Daga nan launukan nan masu kyau suke fitowa, amma taurin a sama kawai yake. Bututun yau da ƙarfe mai haɗin kurom da molibdenum ake yin sa, kamfanoni irin su Beretta suna buga shi da injin guduma ba tare da wuta ba, sannan a shafe cikinsa da kurom. Ƙari a kan haka, maƙyastin da ke gindin harsashin da yana barin gishiri mai jan danshi a cikin bututu. Remington ta fito da wanda ba ya cin ƙarfe a 1927, amma tsohon ya daɗe ana amfani da shi. Shi ya sa ake yawan samun ƙananan ramuka a bututun bindigar wancan zamani.

Inda tsohuwa take da bakin magana shi ne dacewar sassa, kuma nan ya kamata a tsaya a fahimta. Maƙerin da yana shafa baƙin hayaƙin fitila a jikin ƙarfe, ya rufe bindigar, ya buɗe, ya duba inda baƙin ya goge, ya sa magagari ya rage wurin kaɗan, ya sake shafawa. Haka zai yi ta yi har gindin bututu ya zauna daram a fuskar uwar bindiga. Haka ma ake zaunar da ƙarfe cikin katako. Sakamakon shi ne bindiga mai buɗewa da rufewa sumul, marar nauyi, wadda nauyinta ya taru tsakanin hannaye biyu. Tsarin Anson da Deeley na kamfanin Westley Richards, na 1875, da tsarin Beesley da Purdey ke amfani da shi tun 1880, har yau a kansu ake ƙira, wanda ya nuna tunanin ya yi daidai tun farko. Amma wannan kyan yana da tsada a ɓoye. Kowane sashe an yi shi ne don bindiga ɗaya tak, kamar rigar da tela ya auna ya ɗinka wa mutum guda. In sifirin mai siffar V ya karye, ko allurar bugun harsashi ta gutsure, ba a shiga kanti a saya. Sai an sami maƙerin da zai sassaƙa sabo ya ba shi tauri, kuma irin waɗannan maƙera suna raguwa.

Sabuwa injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka ta, bindiga ta dubu daidai da ta farko. Sifirinta naɗaɗɗe ne, wanda yakan yi sanyi a hankali maimakon ya karye farat ɗaya, wani lokaci ma ya ci gaba da aiki bayan ya tsinke. Mafi muhimmanci, an ƙera ta da sanin cewa za ta ci. A Beretta 686, ƙusoshi biyu da bututu ke juyawa a kansu da sandunan makulli duk ana cire su a sa masu ɗan kauri idan sun saki. Browning Citori, wadda Miroku ke ƙerawa a Japan tun 1973, tana da sandar juyi mai faɗin uwar bindiga da makulli a ƙasa wanda ke ƙara shiga ciki gwargwadon cinsa. Perazzi MX8, da aka yi don gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, ana zare gidan kunamarta gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi a sa wani. Wannan ma inganci ne, ko da ba ya ɗaukar ido.

Yanzu ga batun da ya shafi lafiyarka, wanda ya fi duk sauran nauyi. Tsofaffin bindigogin Ingila masu lamba 12 (lambar da ke nuna faɗin bututu) galibi mazaunin harsashinsu milimita 65 ne. Na zamani 70 ne, ko 76, wasu har 89. Tsawon da ke rubuce a kwalin harsashi shi ne tsawon kwanson bayan an harba ya buɗe baki. Saboda haka harsashin milimita 70 zai shige mazaunin 65 lafiya lau, bindiga ta rufu, amma lokacin harbi bakinsa ba shi da isasshen wurin buɗewa, matsi ya ƙaru a bututun da dama ya tsufa. Hukumar CIP ta gwajin bindigogi da harsasai, wadda ƙasashen Turai da dama ke bin ƙa'idarta, ta sa iyakar matsin harsashi na yau da kullum mai lamba 12 a "bar" 740 ("bar" ma'aunin matsi ne), mai ƙarfi kuma a "bar" 1050, kuma ana gwada bindigar da abin da ya haura haka. Hatiman gwajin suna ƙarƙashin gindin bututu, sai an cire shi ake gani. Amurka ba ta da gidan gwaji na dole, kamfanoni ne ke gwada nasu, don haka tsohuwar bindigar Amurka awo ne kawai zai faɗa maka halinta.

Sai ƙwayoyin ƙarfe. Amurka ta hana farautar tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Denmak ta hana ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana su a fadamu daga 2023. Dalma tana da laushi, tana matsuwa idan ta zo matsatsin bakin bututu. Ƙarfe ba ya matsuwa. Cikakken matsin baki, wato yadda aka tsuke bakin bututu, a lamba 12 kusan milimita 1 ne, rabin matsi kusan 0.5. In aka tura manyan ƙwayoyin ƙarfe ta cikakken matsi a siririn tsohon bututu, sai ya kumbura kamar zobe dab da baki, a mai baki biyu ma ya ɓalle liƙin da ya haɗa bututun. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a wuce rabin matsi da ƙarfe, harsashin ƙarfe mai ƙarfi kuwa sai bindigar da ke da hatimin furen nan na fleur-de-lys. Sabuwa tana zuwa da matsin baki na ɗaurawa da kwancewa, tsohuwa nata a jikinta yake. Mai tsohuwa yana iya sa maƙeri ya buɗa matsin, ko ya koma ƙwayoyin bismut masu laushi da tsada.

Masu cewa ƙira ta lalace suna da hujja ta gaske a bindigogin Amurka masu ja da turawa, wato waɗanda ake jan katakon gabansu a tura don canza harsashi. Winchester Model 12, daga 1912 zuwa 1964, kusan kowane sashenta daga dunƙulen ƙarfe aka sassaƙo shi. Remington 870 ta fito a 1950 da sassa da yawa na bugun faranti, ta fi arha, kuma tana aiki ba fashi, sai Winchester ta kasa gasa ta maye gurbinta da Model 1200 mai uwar alminiyom. Ita kanta 870 ɗin, samfurin Wingmaster mai sheƙi daban yake da Express mai arha da ya fito a 1987, wanda masu amfani da shi suka daɗe suna kuka da saurin tsatsarsa da kaushin mazaunin harsashi mai riƙe kwanso. Tsarin ɗaya ne, gogewa da gamawa aka rage. Wannan shi ne ciwon sabbin bindigogi masu arha a ko'ina: ƙananan sassa na garin ƙarfe da aka zuba a mazubi, kaifin yanka da ba a goge ba, kunama mai nauyi, taurin da bai kai ba a ƙugiyar da ke riƙe guduma, da bututu biyu da ba sa bugun wuri ɗaya. Na ƙarshen nan ya fi ɓata rai domin ba ya gyaruwa da sauƙi, kuma ba a gane shi sai an harbi babbar takarda daga nisan mita 30 zuwa 35 da kowane bututu dabam. Alminiyom da roba su kansu ba aibi ba ne. Mossberg 500 uwarta alminiyom ce, amma makullinta a ƙarfen bututu yake kamawa, don haka uwar ba ta ɗaukar matsin harbi.

Tsofaffin ma ba su rasa nasu tabon ba. Wasu Browning Superposed na tsakanin 1966 da farkon shekarun 1970 an yi musu katako da aka busar da gishiri, yana cin ƙarfe duk inda suka haɗu. Kwance noti ɗaya na farantin gindin katakon, in ya fito da tsatsa, ka yi hattara.

Katako: na da yakan fi kyau, an shafe shi da mai a hankali, an yi masa zanen riƙo da hannu. Amma shekaru na ajiye bindiga a tsaye suna sa man inji ya gangaro ya jiƙa wuyan katakon, ya yi baƙi, ya yi laushi, ya tsage bayan uwar bindiga. Na yau zanensa na leza ne, wani ma fenti aka yi masa don ya yi kama da mai tsada, amma doguwar ƙusa ce ta ratsa shi ta ɗaure da ƙarfe, ya fi jure duka.

In tsohuwar ce ta kwanta maka, ga yadda ake duba ta, bayan ka tabbatar babu harsashi a ciki. Cire katakon gaba, riƙe ta a wuya ka girgiza. In ka ji motsi tsakanin bututu da uwa, ko ka ga haske a tsakaninsu, ta saki fuska. Dubi hannun buɗewa na sama: a yawancin masu baki biyu, in yana ɗan dama ko tsakiya da saura, in ya karkata hagu makulli ya ci. Rataye bututun a yatsa ta ƙugiyarsa ka ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, wanda liƙin dalma da kuza ya saki kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu. Leƙa cikinsa a haske don ramuka, lotsawa da kumburi. Ciki mai sheƙi fiye da kima a bindigar shekara ɗari abin zargi ne, domin mai yiwuwa an kankare shi don ɓoye ramuka. Nan ne dole maƙeri ya sa ma'auni: in kaurin bangon bututu ya sauka ƙasa da milimita 0.5 a wuri mafi siranta, masu sana'ar ba sa ba da shawarar saye. A Ingila laifi ne ma sayar da bindigar da aka faɗaɗa cikinta har ta fita daga gwajinta.

Ga aikin da ka ambata, nauyi ma abin dubawa ne. Tsohuwar ƙa'idar maƙeran Ingila ta ce bindiga ta ninka nauyin ƙwayoyinta sau 96, wato giram 28 na son kusan kilo 2.7. Wannan ya dace da mai yini yana tafiya yana harbi jefi-jefi. Mai harbin faifai ɗari a zama ɗaya yana bukatar kilo 3.5 zuwa 4, in ba haka ba kafaɗarsa da bindigar duka za su gaji. Tunda kana son haɗa biyun, shawararmu ita ce mai bututu sama da ƙasa ta matsakaicin aji daga kamfanin da sassansa ke samuwa, irin 686 ko Citori, sabuwa ko wadda aka yi amfani da ita daga shekarun 1980 zuwa yau, mai mazaunin milimita 70 ko 76 da matsin baki na kwancewa. Ta fi sabuwa mafi arha, ta kuma fi tsohuwar da ba a auna ba. In za ka yi amfani da ƙwayoyin ƙarfe, nemi hatiminsu a gindin bututu ko tabbacin kamfanin a rubuce, sannan ka kammala takardun lasisin da dokar ƙasarka ta tanada kafin ka biya kuɗi.